Kokwambata ta lalace a firji cikin kwana huɗu, ina kuskuren yake?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum mutanen gidan nan, barkanmu da shan ruwa. Don Allah shawara nake nema, abin nan ya tsaya min a rai tun safe. Ranar Asabar na shiga kasuwar Farin Gada da ke nan Jos na sayo kokwamba guda 22, don na ga ta yi sauƙi, ga shi maigida ba ya buɗa-baki sai da salak a gefe, yara kuma suna son ta da yajin ƙuli. Da na dawo gida na wanke ta tas da ruwan gishiri, na zuba a baƙar leda tare da tumatir ɗin da na sayo, na ƙulle bakin ledar, na tura can ƙuryar firji inda ya fi sanyi. Yau Laraba na kwance ledar, sai da gabana ya faɗi. Jikinta duk ya yi wasu ƙananan ramuka kamar an danna da farce, wasu sun yi laushi suna tsiyayar ruwa, uku kuwa har yauƙi suke yi. Guda 7 kacal na tsira da su. Ba asarar kuɗin ce ta fi ƙona min rai ba, zubar da abinci ne a watan azumi. Wai kwana nawa kokwamba take yi ne a gaskiya? Kuma ni na yi kuskure, ko tun a kasuwa aka haɗa ni da tsohuwa?

Amaryar Kubwa:
Wa alaikumus salam Anti. Wallahi kamar kin shiga zuciyata. Ni Mama ce take aiko min daga Jos a mota duk bayan mako biyu, kafin kwana uku ta fara komawa rawaya. Ina nan ina jiran amsa tare da ke.

Hajiya Mai Girkin Biki:
Sannu ƙanwata, Allah Ya mayar da alheri. Tun daga wankin nan kika fara yin kuskure. Kokwambar da za a ajiye ba a wanke ta, sai ranar da za a ci. Kin jiƙa ta, kin zuba a leda da lemarta, kin ƙulle, ai ta kwana huɗu kenan a cikin ruwa. Ni shekara da shekaru ina aikin salak na biki, kuma a firji nake sa tawa. Kowace ɗaya ina goge ta da busasshen tsumma, in naɗe ta da takardar goge hannu ko tsohon zanin atamfa mai tsabta, in jera a leda ba tare da na ƙulle bakin ba, in sa a aljihun ƙasa na kayan ganye. Takan kai mako lafiya lau. Firji ba shi da laifi, yadda kika sa ta ne.

Dillalin Farin Gada:
Hajiya, kafin a ɗora wa 'yan kasuwa, bari in ce wani abu. Kayan Asabar da safe yawanci sabon sauka ne. Tsohuwar kokwamba ba ta ɓuya: za ki ga wajen hancinta, wato inda aka tsinko ta daga jikin shuka, ya yamutse, in kika lanƙwasa ta kaɗan sai ta bi hannunki kamar roba. Sabuwa kuwa tauri gare ta, kore shar, kuma ta fi nauyi a hannu fiye da yadda ido ya ƙiyasta. Da tsohuwa aka ba ki da tun wajen wanki kin gane.

Maman 'Yan Biyu:
Gaskiya ne Malam, da taurinta na saye ta, ban zargi kowa ba, tambaya ce kawai. Hajiya na gode. To amma ramukan nan fa? Su ne suka fi ɗaure min kai. Ruwa zai sa abu ya ruɓe, na yarda, amma me zai huda jikinta haka?

Malamin Gona:
Maman 'Yan Biyu, wannan tambayar taki ta ƙarshe ita ce gindin maganar. Hajiya ta yi gaskiya a kan wanki, amma da izininta zan saɓa mata a inda ta ce firji ba shi da laifi. Ramukan nan sanyi ne ya yi su, ba ruwa ba.

Kokwamba tsiron ƙasar zafi ce, asalinta daga yankin Indiya ta fito, jikinta bai saba da sanyi mai tsanani ba. Masu binciken adana amfanin gona sun daɗe da tabbatar da cewa yanayin da ya fi dacewa da ita shi ne tsakanin digiri 10 zuwa 12 ko 13, a wuri mai danshin iska sosai. A haka ma iyakarta kwana 10 zuwa 14, ba ta wuce nan da kyanta. Firjin gida kuwa ana saita shi ne a wajen digiri 4, saboda nama da madara da sauran abinci dafaffe. Idan kokwamba ta wuce kwana biyu ko uku a ƙasa da digiri 10, sanyin yana raunata ƙananan ƙwayoyin da ke ƙarƙashin ɓawonta, sai su saki ruwansu, wurin ya lotsa. Shi ne ramukan da kika gani. Ta waɗannan raunukan ne kuma ruɓa take samun ƙofa. Ke kuma kin kai ta ƙurya, jikin bangon baya, inda ya fi ko'ina sanyi, wani lokaci har ƙanƙara yake kamawa.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu 'yan Nijeriya musamman. Raunin sanyi ya fi bayyana ne idan abin ya sake ɗumama. To firjinmu yau sanyi, anjima an ɗauke wuta ya huce, cikin dare a kawo ya sake ɗauka. Duk lokacin da ya huce ledar tana yin gumi ta ciki, ruwan ya kwanta a kan raunin. Kin ga an haɗu biyu.

Dabarar Hajiya tana aiki ne don naɗin da take yi yana rage kaifin sanyin, yana kuma tsotse gumin, sannan aljihun ƙasa bai kai ƙurya sanyi ba. Wato tana kare kokwambar ne daga firjin kansa.

Hajiya Mai Girkin Biki:
Malam, ilimi kogi ne, na ƙaru. Amma ka yi min afuwa, ba zan bar mata su fahimci cewa a daina sa ta a firji ba. Ka zo kicin ɗina da rana tsaka a wannan watan, tukunya uku a kan wuta, ka ajiye kokwamba a kan tebur ka gani ko za ta kai gobe da ƙwarinta. Digiri 10 ɗin nan a ina talaka zai same shi? Tsakanin sanyin da ya yi yawa da zafin da ya yi yawa, ni na zaɓi sanyi.

Malamin Gona:
Ranki ya daɗe, a kicin irin naki ni ma firji zan zaɓa. Abin da nake cewa kawai, duk wadda za ta sa a firji ta san tana da kwanaki ƙidayayyu, ta naɗe, ta sa a aljihun ƙasa ko a jikin ƙofa, kuma wadda ta fito da ita ta ci ta a ranar, kada ta mayar.

Baba Mai Lambu:
Salamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta min, ni ina faɗa masa. Noman rani nake yi a bakin kogin Dilimi tun ina saurayi, latas, kabeji, karas da kokwamba. 'Yata, ki saurara da kyau. Kwanan kokwamba tun daga gona ake fara ƙirga shi, ba daga ranar da kika saya ba.

Wadda aka cire da sassafe, raɓa ba ta gama bushewa ba, aka yanke ta da wuƙa aka bar mata ɗan kara kamar gaɓar yatsa, aka sa a inuwa, wannan daban take. Wadda kuma yaro ya fizgo da hannu da rana tsaka, hancin ya yage, aka tara a rana ana jiran mota, wannan ko a aljihun sarki kika ajiye ta ba za ta yi kwana biyar ba. Ta wurin yagewar nan take fara mutuwa. Idan za ki saya, ki duba hancin. In kin ga ɗan karan yana nan kore, ki ɗauka. In kin ga rami a wurin ko ya yi baƙi, ki ci a ranar ko ki bari.

Sannan ku mata kuna son manya-manya, ku ce sun fi auki. Babbar da ta fara haske a jiki ta ƙosa, 'ya'yanta sun yi tauri, kwana biyu za ta zama rawaya. Matsakaiciya siririya ita ce mai kwana.

Mu a gida ba mu da firji. Ɗakin da rana ba ta bugunsa, a ƙasan siminti, uwargida take shimfiɗa buhun algarara, ta jera su ɗaya-ɗaya kada su hau juna, ta rufa wani buhun da ta yayyafa wa ruwa ta matse. Da hunturu takan kai mako har da ɗoriya. Da bazara irin yanzu, kwana huɗu ko biyar. Allah Ya ba mu garin sanyi, mu yi amfani da shi.

Maman 'Yan Biyu:
Allah Ya ƙara girma Baba, Ya sa albarka a lambu. Wallahi manyan na zaɓa da hannuna, har ina murna.

Dillalin Farin Gada:
Baba ya faɗi ta gona, bari in ƙara ta hanya, don wannan a idona ake yi kullum. Kokwamba a buhu take zuwa mana, a cusa ta har buhun ya yi tumbi, a ɗinke baki da igiya, a ɗora buhu kan buhu a mota, wani lokaci yaran mota su zauna a kai. Ta ƙasa da ta gefe duk sun sha matsa. Ranar farko ba za ki ga komai ba, ɓawon lafiya. Bayan kwana biyu wurin da ya bugu sai ya yi laushi. Shi ya sa in abokin cinikina na gaske ya zo, nakan ce ya bari a zazzage buhu ya tsinta da hannunsa, ko da zai ƙara wani abu a kai. Kashin da aka riga aka kasa da araha, sau da yawa na gindin buhu ne, na mai ci yau ne ba na mai ajiya ba. Wannan ba ha'inci ba ne, kowane kaya da mai shi, amma ki riƙa faɗa wa mai sayarwa cewa ajiyewa za ki yi.

Amaryar Kubwa:
To ni nawa matsalar fa? Babu ramuka a tawa, rawaya kawai take yi ta yi yaushi. Mama takan haɗo min kwali ɗaya: kokwamba, tumatir, ayaba, wani lokaci da fiya. A rufe da salatif a ba direba a tasha, sai yamma nake karɓa. Kuma zafin Abuja a wannan watan ba sai na faɗa ba, ko fanka iska mai zafi take hurawa. Dabarar Baba ta ɗaki mai sanyi ba za ta yi min ba, don ba ni da ɗakin da ba ya zafi.

Malamin Gona:
Amarya, taki cutar daban ce, kuma kwalin nan ne tushenta. Ayaba, tumatir, fiya, mangwaro, gwanda da tuffa, idan suna nuna suna fitar da wata iska da ba a gani, sunanta etilin. Ita ce take sa in an rufe ɗanyar ayaba tare da nunanniya duk su nuna tare. Kokwamba tana cikin kayan da wannan iskar ta fi yi wa illa: koren jikinta ya gushe, ta koma rawaya, ta tsufa da wuri. Kin ga an kulle ta da su a kwali ba mafitar iska, an sa a bayan mota. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, mota na gangara Hawan Kibo zafi ya fara, ta bi Akwanga da Keffi a haka awa huɗu ko biyar, ƙila kwalin ya ƙara zama a tasha cikin rana. Kafin ya iso hannunki aikin gama ya gama.

Ki roƙi Mama ta raba kaya. Kokwamba ita kaɗai a kwalinta, ko tare da karas da kabeji, a huda kwalin ta gefe-gefe, a shimfiɗa takarda tsakaninsu, a ba motar farko ta asuba. Idan ta iso kada ki jefa ta firji da zafinta, ki baza ta ta sha iska tukuna, sannan ki bi hanyar Hajiya. Ke kam a Abuja firji ya zame miki dole, sai dai ki sa a ranki kwana biyar zuwa mako ne.

Maman 'Yan Biyu ma ta haɗa tata da tumatir a leda ɗaya. A cikin sanyi illar iskar ba ta kai ta waje ba, amma ita ma ta taimaka.

Inna ta Gangare:
Ni duk wannan kokwambar ta zamani ce a wurina. Mu gurji muka tashi muka gani, a yanka a barbaɗa ƙuli da gishiri, ko a yi kwaɗo. Kuma a gindin randa muke ajiye shi, inda ƙasa take da sanyi kullum saboda tsattsafin ruwa. Yanzu yara kun watsar da randa kun kama firji, wuta kuwa sai ta ga dama. Ku koma ku nemi randa, da tsohuwar zuma ake magani.

Malamin Gona:
Inna, Allah Ya ja kwana, kin taɓo inda nake so. Wannan sanyin gindin randa shi ne wani malami a jihar Jigawa, marigayi Muhammad Bah Abba, ya ɗauka ya inganta ya yaɗa a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunya cikin tukunya ake ce masa. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashin rafi, a jiƙa yashin, a zuba kaya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana ratsa jikin babbar tukunyar yana bushewa, bushewar tana janye zafi daga ciki. Safe da yamma a ƙara wa yashin ruwa, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Abin da ya sa nake ganin ya dace da kokwamba fiye da firji: sanyinsa ba ya kaiwa inda zai raunata ta, kuma cikinsa akwai danshin da take so, don kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, yaushi kuwa ba komai ba ne illa ruwan nan da yake fita. Sai dai sharaɗinsa busasshiyar iska. Da hunturu da bazara yana aiki sosai. Da damina ta kankama, iska ta cika da laima, ruwan ba ya bushewa, sanyin sai ya ragu ƙwarai.

Amaryar Kubwa:
Malam zai yi a bene? Ina da 'yar baranda ta baya da rana ba ta shiga sai da yamma.

Malamin Gona:
Zai yi, in dai iska na ratsawa. Ki kare shi daga ranar yamman da tabarma ko kwali. Kada ki sayi tukunyar da aka shafa wa fenti ko mai sheƙi a matsayin ta waje, don ruwa ba zai ratsa ta ba.

Anti Nas:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da ya dame ni. Maman 'Yan Biyu, guda 7 ɗin da kika ce kin tsira da su, a leda ɗaya suke da masu yauƙin? In haka ne don Allah ki wanke su sosai a ruwa mai gudu, ki fere ɓawon, ki duba cikin. Duk wadda ta yi laushi, ko cikinta ya yi kamar gilashi, ko take wari mai tsami, kada ki ce za ki yanke wurin ki ci sauran. Abu ne da ake ci ɗanye, ba wuta da za ta kashe komai, ga cikin mai azumi da ya wuni babu komai, ga yara.

Kuma kada maganar “ba a wankewa” ta sa wata ta fahimce ta a baibai. Ba a wankewa kafin ajiya, amma wanki kafin ci wajibi ne. Kayan lambu suna haɗuwa da taki da ruwan rafi da hannaye da yawa kafin su zo gida. A wanke da ruwa mai tsabta ana murzawa da hannu, a wanke wuƙa da katakon yanka, musamman in an taɓa ɗanyen nama ko kaza da su. Sau da yawa gudawar da ake ɗora wa salak daga katakon yankan take.

Baba Mai Lambu:
Gaskiya 'yar nan ta faɗa. Ni da nake nomawa ma ba na ci sai an wanke.

Maman 'Yan Biyu:
Anti Nas leda ɗaya ce. Na bi maganarki yanzun nan, da na fere biyu cikinsu ya yi ruwa-ruwa, na zubar. Biyar lafiya. To wata tambayar: in na yanka rabi na yi salak, sauran rabin fa? Kuma salak ɗin da ya rage bayan buɗa-baki zai kai sahur?

Hajiya Mai Girkin Biki:
Nan kuma fagena ne. Da zarar wuƙa ta shiga, maganar ɗaki mai sanyi ko randa ta ƙare, firji kawai. Rabin da ya rage ki rufe fuskar yankan da leda mai kama jiki, ko ki kifa shi a ƙaramin kofi, ki ci cikin kwana biyu. In kin ciro ki yanke siririn fuskar da ta bushe ki yar. Wadda aka yayyanka ƙanana kuwa, a roba mai murfi da takarda a ƙasa, gobe ta ƙare.

Salak kuma sirrinsa kada ki haɗa duka. Gishiri yana janyo ruwan kokwamba, minti kaɗan za ki ga kwanon ya yi tafki, latas ya kwanta. Ni ko a biki kokwamba ce ta ƙarshe da nake yankawa, sai an fara zuba abinci. Ki ɗebi wanda za a ci ki sa masa bama da ƙwai, sauran ki bar shi a bushe a firji. Wanda aka riga aka cakuɗa da bama da ƙwai, in ya shiga firji nan da nan kuma wuta ta tsaya, zai kai sahur. In ya yi awa biyu a kan tabarma ana hira, ko aka kwana babu wuta, ki haƙura da shi.

Anti Nas:
Na sa hannu a wannan. Awa biyun nan ita ce ƙa'idar da ake koyarwa, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya ce.

Ɗan Bukuru:
Ni gwauro ne, tambayata gajeriya ce. Ba za a jefa ta a firiza ba kawai a huta?

Hajiya Mai Girkin Biki:
A'a ɗana. Za ta daskare kamar dutse, in ta narke ta zama tsumma. Sai dai in markaɗawa za ka yi. Ni in ta yi min yawa nakan fere, in yanka, in daskarar, ranar da ake zafi in markaɗa da citta da lemon tsami da na'ana'a a sha da buɗa-baki. Don sha ta yi, don salak ba ta yi ba.

Malamin Gona:
Dalilin kuwa ruwan cikinta in ya zama ƙanƙara yana kumbura ya farfasa ƙwayoyin da ke ba ta ƙarmas-ƙarmas ɗin nan, kuma ba sa komawa. Mai son ta daɗe da ɗan ƙwarinta sai ya jiƙa ta a ruwan khal. A yanka, a cika kwalba mai tsabta, a tafasa ruwan khal da ruwa daidai wa daida da gishiri da ɗan sukari, a zuba har ya rufe ta, a sa tafarnuwa in ana so, in ya huce a kai firji. Tana yin makonni a haka. Amma ɗanɗanon ya canza, ya zama mai tsami, ba kowane gida ne zai karɓe shi ba.

Amaryar Kubwa:
Tunda ana kan magana, me ke sa wata ta yi ɗaci? Na zata daɗewa ce.

Baba Mai Lambu:
Ba daɗewa ba ce 'yata, daga gona ne. In shuka ta sha ƙishirwa, ban ruwa ya yi tsalle, ko zafi ya yi mata yawa, sai 'ya'yan su yi ɗaci, kuma wajen hanci ya fi. Ki yanke hancin da ɗan kauri, ki fere, ki ɗanɗana. In duk jikin ne da ɗaci ki yar, ajiya ba ta gyara shi.

Inna ta Gangare:
Mu goga hancin muke yi a jikin yankan har farin kumfa ya fito.

Malamin Gona:
Inna, ana yi har a wasu ƙasashe. A ganina yanke hancin da fere ɓawon su ne suke yin aikin, tunda a nan sinadarin ɗacin ya fi taruwa, amma gugar ba ta cutar da komai.

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana takwas, don bai kamata in karɓi shawara in yi shiru ba. Alhamis ɗin da ta wuce na koma kasuwa na sayi guda 9 kawai, matsakaita, masu ɗan kara a hanci yadda Baba ya ce, na tsince su da hannuna. Ban wanke ba. Na raba uku. Uku na naɗe na sa a aljihun ƙasa na firji irin na Hajiya. Uku na jera a ƙasan sito na rufa jiƙaƙƙen buhu. Uku kuma na aro tukwane biyu wurin maƙwabciyata, yara suka ɗebo min yashi, na haɗa.

Na sito a kwana na biyar sun fara yaushi ta hanci, muka cinye. Na firji a kwana na shida na ciro ɗaya lafiya, amma ta ƙarshe da na ciro jiya ta fara 'yan ramukan nan guda biyu a gefen da naɗin ya zame. Na tukunya kuwa yau na yanka ta ƙarshe, da na sa wuƙa har ƙara ta yi, sai ɗan haske da ta fara a gefe ɗaya. Sau ɗaya na manta ban jiƙa yashin da safe ba, da na taɓa tukunyar da azahar na ji ta fara ɗumi, na yi maza na zuba ruwa.

Hajiya Mai Girkin Biki:
Madalla ƙanwata, gani ya kori ji. Amma ki lura guda uku ne. Ranar da aka ba ni aikin mutum 300 ba tukunyar da za ta ɗauke min buhu, kuma damina na tafe. Kada ki sallami firjinki.

Maman 'Yan Biyu:
Ba zan sallame shi ba Hajiya, yankakkiya ai can za ta. Sai dai na daina sayen ta mako biyu, Farin Gada ba nisa gare ni ba.

Amaryar Kubwa:
Ni ma Mama ta raba kwalin wannan karon, ta sa aka huda shi, kuma motar asuba ta ba. Yau kwana huɗu, kore shar suke. Anti, tukwanen nan wane girma kika samu? Ina so in sa a sako min a mota mai zuwa.

Maman 'Yan Biyu:
Ta cikin kamar tukunyar miyar gida ce, ta wajen kuma ta fi ta da faɗin yatsu uku ko'ina. Ki ce a haɗa su tun a wurin mai sayarwa a ga sun zauna, kuma a naɗe su da tsumma sosai kafin a ba direba. Yashi kam kya samu a nan Kubwa, ki tankaɗe shi ki wanke kafin ki zuba.